Hilux ko a-kori-kurarka na ƙwanƙwasa? Ga yadda ake gano inda ƙarar take kafin a sauke inji

Ba kowace ƙara bace take nufin inji ya kusa bugawa, haka kuma ba kowace ƙara bace zaka ce bari in lallaɓa da ita in kai gida. Abin da nake gani a nan Zariya kusan kullum iri biyu ne, ko dai direba yaji motar na ƙwanƙwasa ya share ya ci gaba da taka totur sabida yana da lodi a baya kuma mai kaya na ta kiransa a waya, har sai konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kuranshaf, ya fasa bulok ya leƙo waje a hanyar Funtuwa, ko kuma ya kaita gareji wani ya kara kunne na minti ɗaya yace oga wannan sai an sauke inji, a je a kashe kuɗi masu ciwo a kan abin da ƙila gaskit ɗin salansa ne kawai ya ƙone. Duk biyun asara ne kuma wallahi abin na damuna, dan mafi yawan masu motocin nan da su suke ci da iyalinsu. Shi yasa nake so in zayyana yadda ake bin ƙarar daki-daki, daga abin da baya cin ko sisi har zuwa wanda sai an kwance, ta yadda ko kai ba makaniki bane in ka shiga gareji zaka san me ake faɗa maka.

Amma kafin komai ga wanda babu jira a cikinsa. In kana tafiya kaji ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, gwaf-gwaf-gwaf tana bin totur, sannan jar fitilar baƙin mai ta kawo ko tana ƙiftawa, toh dan Allah gangara gefen titi ka kashe motar nan take. Wannan fitilar bata kawowa sai matsin mai ya riga ya faɗi ƙasa sosai, wato lokacin da ka ganta metal, wato ɓawon ƙarfe mai laushi da kuranshaf ke juyawa a cikinsa, ya riga ya fara gogar kuranshaf a bushe. Kar kace saura kaɗan in isa Kwangila. Kuɗin janyo mota daga Giwa ko Hunƙuyi ba komai bane in ka haɗa shi da kuɗin kuranshaf da bulok.

In ba haka bane, fara da baƙin mai. Ajiye motar a wuri mai daidai, kashe ta, ka bata kamar minti biyar man ya sauka, ka zaro geji ka goge ka mayar ka sake zarowa. Ba yawansa kaɗai zaka duba ba. Murza shi tsakanin yatsu biyu kaji ko ya tsinke kamar ruwa, ka shinshina kaji ko yana warin fetur ko gas, dan in mai na zuba cikinsa yana tsinka shi har ya kasa riƙe metal, kuma alamar haka ita ce kaga man na ƙaruwa a geji alhali ba wanda ya ƙara. In ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga, a fara zargin gaskit ɗin top, wato kan injin da ya rufe silindu. In kuma ya yi ƙasa da layi, cika shi ka tada kaji, sau da yawa ƙarar sama tana ɗaukewa nan take, amma ka sani sai ka gano inda man ya tafi.

Daga nan sai ka tambayi kanka abu uku, kuma amsarsu ita ce rabin aikin. Yaushe ƙarar take zuwa, da safe in inji na sanyi ko bayan ya ɗau zafi, a silo ko sai an taka da lodi. Daga ina take fitowa, sama ko gaba ko ƙasa. Sannan saurinta yaya yake. Direban da ya zo gareji da waɗannan amsoshin a bakinsa ya sauƙaƙa wa kowa, wanda kuma yace kawai tana ƙara ne, shi ake yi wa canki-canka da kuɗinsa.

Bari in fara da ta fetur, irinsu Hilux mai inji 2TR 2.7, tsofaffi masu 22R da 3RZ, da Peugeot 504 ɗin nan da aka harhaɗa a Kaduna waɗanda har yau suna jan buhuna a ƙauyuka. Akwai wata ƙara siririya mai kaifi, kamar ka zuba tsakuwa a gwangwani ka girgiza, bata zuwa a silo, sai ka ɗora kaya ka taka a giya babba ko kana hawa gada, da ka ɗaga ƙafa ko ka sauko giya ɗaya sai ta ɓace. Wannan ba ƙarfe bane ya saki, wuta ce ke tashi ba bisa ƙa'ida ba. Yadda abin yake, filogi ya kamata ya kunna man ya ci a hankali ya tura fistin ƙasa, toh in zafi da matsi sun yi yawa ko man bashi da ƙarfin jurewa sai ragowar man da wutar bata kai gare shi ba ya fashe da kansa, bugun nan ne kake ji a jikin silinda. Gwajinsa mai sauƙi ne, nemi wuri mai ɗan hawa, saka giya huɗu a gudu kaɗan ka taka, in ta yi kacau-kacau ka koma giya uku kaji shiru, ka kama ta.

Me ke jawo ta. Na farko man da ka sha. Ka tuna a ina ka zuba na ƙarshe, in wajen 'yan bumburutu ne a jarkar da ba ka san me aka taɓa zubawa a ciki ba, ko ƙarar ta fara ne washegarin da ka sha mai a wani sabon wuri, kar ka taɓa komai a inji tukuna, bari tankin ya yi ƙasa ko a zuƙe shi ka zuba mai kyau kaji. Duk mun tuna farkon 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan motoci suka dinga lalacewa, saboda haka zargin mai ba raini bane. Na biyu zafi. A watan Maris da Afrilu da rana ke dukan garin nan ƙarar tafi yawa, musamman in lagireto ya toshe da tsatsa sabida ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko fanka bata ja sosai. Kuma al'adar nan ta cire tamostat a yar bana goyon bayanta ko kaɗan, da safe injin baya kai zafin da ya kamata sai ya dinga shan mai da yawa yana tara baƙin gawayi a kan fistin, gawayin nan kuma shi ne ke ƙara matsi yana yin jajir yana kunna mai kafin lokaci. Na uku taimin. Masu distributa irin 504 da 22R, sau nawa yaro zai murɗa distributa da kunne dan motar ta yi ƙarfi, ya kai wutar gaba fiye da kima, mota ta yi ta ƙwanƙwasa a lodi. A sa fitilar taimin a daidaita da alamar da ke jikin fuli, ba da kunne ba. Sai filogi, in ba lambar da kamfani ya rubuta bane zai iya riƙe zafi da yawa, ka ciro su ka duba, in bakin ya yi fari fat ko da ɗigo-ɗigo a jikin farin toh silindar na ƙuna, kuma hakan na iya zama ƙarancin mai ne daga famfon fetur da ya gaji ko filta da ta toshe ko iska na shiga ta wata tiyo da ta tsage.

Su masu kwamfuta kamar 2TR suna da sansa a jikin bulok wadda aikinta kenan, taji bugun ta gaya wa kwamfuta ta ja wutar baya. In kana jin ƙarar a irin wannan motar a kai a kai toh ko abin ya fi ƙarfin sansar ko ita kanta ta mutu ko ɓera ya ci wayarta. A jona na'ura a karanta, P0325 ita ce lambar layin wannan sansar, P0171 kuma na nuna iska ta fi mai yawa. Kuma maganar gaskiya, ɗan'uwa, lodin ma na da nasa. Hilux abin da aka gina ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, buhun masara goma kenan in mai kilo 100 ne, mu kuma mun san nawa ake labta mata daga kasuwar Giwa. In dole ne sai ka ɗauka, aƙalla kar ka dinga jan ta a giya babba inji na nishi dan wai kana tattalin mai, wannan nishin shi ke cin fistin da metal.

Toh in ƙarar tana nan ko mota na tsaye a silo, yanzu aikin kunne ne. Samu doguwar sukudireba ko guntun rodi, ka ɗora bakin a jikin inji, ka dunƙule hannu a kan mariƙin ka kara kunnenka a kan hannun. Zaka sha mamakin yadda ƙarar kowane wuri ke fitowa daban. Amma ka cire babbar riga da hula da duk abin da ke reto, ka nisanci fanka da bel, na ga hannun riga ya shiga bel kuma ba abin da ake so a gani bane. Ka bi wuri uku, murfin sama inda bawul suke, gefen bulok a tsakiya, sannan can ƙasa kusa da samp, kaskon da baƙin mai ke kwanciya. Inda ta fi ƙarfi nan zaka tsaya.

Ƙarar sama siririya ce, tak-tak-tak a jere bata canza murya ko ka ɗora lodi, kuma saurinta rabin na inji ne sabida kamshaf juyi ɗaya yake yi in kuranshaf ya yi biyu. Wannan yawanci tafet ne, wato wasan da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi. A 504 da 22R ana saita shi da fila geji da sifana a gama cikin awa ɗaya, wasu injinan kuma da shim ne sai an auna an canza, shi kuwa 2TR nasa da matsin baƙin mai yake daidaita kansa, saboda haka in yana tak-tak da safe na ɗan lokaci ya daina ba abin tashin hankali bane, in ya ƙi dainawa a duba mai da filta da datti. Nozul ɗin fetur ma, masu fesa mai a inji, suna ɗan cas-cas ɗinsu na lafiya, kar a ruɗe ka da shi.

Akwai wadda tafi kowacce yaudarar mutane, ita ce hucin salansa daga manifol, wato ƙarfen da ke kwaso hayaƙi daga silindu ya miƙa wa salansa. Wani bawan Allah mai ɗauko rake daga Maƙarfi ya taɓa zuwa ransa a ɓace, an riga an ce masa fistin ne har an yi masa lissafin kaya. Nace Alhaji bar ta ta kwana, da safe muji ta da sanyinta. Da aka tada sai ga ƙarar tas-tas-tas da ƙarfi, amma minti kaɗan da ƙarfen ya ɗau zafi ya kumbura sai ta ragu. Na haska tocila a inda manifol ya haɗu da top, ga wani baƙin layin hayaƙi siriri ya zana a jikin ƙarfen daidai silinda ta huɗu, kuma kan kusa ɗaya ya karye babu shi. Na kusantar da bayan hannuna ban taɓa ba, iska mai zafi na bugowa fuf-fuf daidai da ƙarar. Gaskit da kusa ne kawai. Ka riƙe wannan, duk ƙarar da ke da kaifi da sanyi ta lafa da zafi, a nemi baƙin hayaƙi a manifol kafin a yi maganar fistin.

In daga gaba take, akwai gwajin da ke raba gardama. Da inji na sanyi a cire fanbel gaba ɗaya a tada na ƙasa da minti ɗaya, kar a wuce haka dan famfon ruwa baya juyawa. In ƙarar ta ɗauke toh ba cikin inji bane, boris ɗin altaneta ne ko famfon ruwa ko tenshina ko kwamfiresan esi, ka juya kowanne da hannu ka girgiza zaka ji mai wasa. Ka duba babban fulin kuranshaf ma ko notinsa ya saki, yana yin bugu mai nauyi da mutum zai rantse metal ne. In ƙarar na nan kuma ƙarar sarƙa ce caka-caka a bayan murfin gaba, musamman daƙiƙun farko na tashi, toh cen ɗin taimin ne ya saki ko robar da ke riƙe shi ta karye, 22R an san shi da wannan. 2TR da sababbin masu gas 1GD da 2GD cen ne, su kuma 2KD da 1KD da 5L bel ne, shi bel baya yi maka gargaɗi sosai, lokacinsa kawai ake bi.

Yanzu ƙasa, inda kuɗin yake. Metal ɗin konrod in ya ci, ƙararsa ƙwal-ƙwal ce mai ƙarfi ta ƙarfe kan ƙarfe, tana ƙaruwa in inji ya ɗau zafi sabida man ya tsinke, kuma tafi fitowa in ka ba ta wuta zuwa wajen juyi 2,000 ko 2,500 a minti ka riƙe, ko a daidai lokacin da ka saki totur. Men metal, wanda ke riƙe kuranshaf a jikin bulok, shi muryarsa tafi zurfi, dum-dum kake jinta har a ƙafarka, tafi zuwa in an ɗora lodi. Fistin da ya yi wasa a silinda akasin haka yake, da safe yake ƙwas-ƙwas in ya ɗau zafi ya kumbura sai ya yi shiru, kuma wannan mota na iya daɗewa da shi tana aiki in ba'a matsa mata da sanyi. Fin ɗin fistin kuma bugu bibbiyu yake yi a silo. Kaga banbancin metal da fistin kusan duk a zafi da sanyi yake, shi yasa makanikin da ya ji motarka sau ɗaya da rana tsaka bai isa ya yanke hukunci ba.

Dan a tabbatar, sai a kashe silinda ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. A tsohuwar mota a zare wayar filogi da filaya mai roba a hannu, a mai kwayil huɗu gara a zare soket ɗin nozul dan kar ɗanyen fetur ya wanke silindar. In ka kashe ta uku misali kaji bugun ya ragu sosai ko ya ɗauke, ka mayar ya dawo, toh konrod na uku ne, dan ka ɗauke masa dukan da yake sha daga sama. In ka bi duka huɗun ba abin da ya canza, a koma zargin men metal ko filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, ko wani abu na waje. Bayan haka a cire sansar fitilar mai a ɗaura gejin matsi na gaske. Ƙiyasin da ake bi shi ne wajen psi 10 a gejin kan kowane juyi 1,000 a minti, kuma da zafi ake aunawa, dan da sanyi ko mataccen inji yana nuna matsi mai kyau.

Sai abin da ido zai gani da kansa. A juye baƙin man a tire mai tsabta ba wanda aka saba juye na kowa ba, a fito da shi rana a karkata. Lafiyayyen mai baƙi ne sumul. In metal ya ci zaka ga wani ƙyalƙyali na yawo a ciki, ƙanana ƙanana masu ruwan tagulla ko azurfa suna bin man in ka juya tiren. Ja maganaɗisu a ciki, in bai kama su ba garin metal ne, in ya kama toh ƙarfen kuranshaf ko kamshaf ya fara ci, abin ya yi nisa. A fasa filtar mai ma a buɗe takardar ciki a miƙe ta a rana, amma kar a yanka da zarto dan garin zarton zai ruɗa ku, almakashin kwano ake sa wa. In an ga wannan sai a kwance samp, a yawancin motocin nan ana iya yi inji na jikin mota, a duba rariyar famfon mai, a kama kowane konrod a girgiza sama da ƙasa. Sai an kai nan ne maganar sauke inji take da hujja.

Masu gas sai an yi musu bayani daban, dan injin gas dama da ƙararsa aka yi shi, matsi ne ke kunna man ba filogi ba, kuma da safiyar hunturu a Samaru ko Shika in ka tada 5L sai ka ɗauka zai tarwatse, minti kaɗan ya lafa. In yana wahalar tashi da farin hayaƙi da ƙara da sanyi a duba hita, wato filogin da ke ɗumama silinda kafin a tada. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne sabuwar ƙara, wadda ba ka saba ji ba. A injin gas babban wanda ake zargi kafin metal shi ne nozul. Nozul ɗin da ya daina feshi ya koma tsiyaya yana tara mai a silinda ya fashe lokaci ɗaya, bugunsa kamar guduma, mutane da yawa sun sauke inji a kansa. Alamunsa, bugun na zuwa da hayaƙi baƙi ko fari, silo baya daidai, matsin baƙin mai kuma lafiya lau, babu ƙyalƙyali a tire. Kuma kar a raina shi, nozul mai tsiyaya yana huda fistin ko ya tsaga shi in aka ci gaba da tafiya.

A tsofaffi masu famfon injekta na da, irin 2L da 3L da 5L, ana sassauta notin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya da tsumma a kai aji wanne ne ya ɗauke ƙarar, sannan a kai nozul ɗin wajen masu gwaji a ga feshinsu. In kwanan nan aka taɓa famfon a duba taimin ɗinsa, in ya yi gaba duk silindun ne zasu dinga bugu. Amma masu D-4D, wato 2KD da 1KD da na bayansu, dan girman Allah kar kowa ya sassauta bututu inji na aiki. Matsin da ke cikin wannan layin ya haura bar 1,000, yana huda fatar mutum ya shige jiki. Su da na'ura ake yi, ita zata kashe silinda ɗaya-ɗaya ta kuma nuna gyaran da kwamfuta ke yi wa kowane nozul, wanda lambarsa ta fita daban shi ne mai ciwon. Akwai kuma wani abu da aka san 1KD da shi wanda ya kamata duk mai ita ya sani, washar da ke ƙarƙashin nozul in ta saki, hucin silinda na haurowa ya dafa baƙin mai ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya toshe rariyar famfon mai, inji ya mutu da ƙishi alhali geji na nuna mai a cike. Saboda haka duk wanda ya cire nozul a wannan injin sabuwar washa zai sa ba tsohuwa ba, kuma a leƙa rariyar. Sannan ka tabbata ba'a zuba maka fetur a tankin gas ba, yana faruwa a gidan mai in ana sauri, shinshina bakin tanki, ka kuma zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar gas.

Da damina in ƙarar ta fara ne bayan ka ratsa ruwa mai zurfi, buɗe gidan filtar iska. In takardar a jiƙe take toh inji ya sha ruwa, ruwa kuma baya matsuwa, konrod ne ke lanƙwashewa. Gwajin kwamfireshan zai nuna silindar da ta yi ƙasa. Wannan ba'a tafiya da shi.

Kar a manta da na waje da ke kwaikwayon inji. Injin sit, wato robar da inji ke zaune a kanta, in ya yage yana bugu in ka saka giya ko ka tashi. Farantin ƙasa da kwanon da ke kare zafin salansa suna karkarwa a wani gudu. In ƙarar na canzawa da ka taka kuloci, a duba filawil da kuloci da wasan kuranshaf gaba da baya, a mai otomatik kuma farantin da ke haɗa inji da giya yana tsagewa ya yi bugu sak na metal.

Abu ɗaya da nake roƙo a daina shi ne ɗura mai mai kaurin tsiya ko maganin gwangwani dan a rufe bakin ƙara. Metal ɗin da ya ci baya dawowa, kawai ka daina jinsa ne yana ci gaba da cin kuranshaf, abin da da metal da ɗan yanka zai gyara ya koma sai rabin inji. Masu sayen mota ma su kula da wannan, in kaje duba Hilux ka tarar an riga an ɗumama ta kace zaka dawo da safe, ka taɓa inji da hannunka kaji sanyi kafin a tada, ka zaro geji ka ga yadda man ke ɗiga, sannan ka tuƙa ta har ta ɗau zafi sosai ka sake saurare.

In kuma an tabbatar metal ne, toh kar aikin ya tsaya a canza metal kawai. A auna kuranshaf da maikiromita a gabanka, in ya ci a kai a yanke shi zuwa milimita 0.25 ko 0.50 a sayo metal daidai da yankan, konrod ɗin da ya yi bugu a duba ko bakinsa ya buɗe ko ya yi shuɗi dan zafi, in haka ne a canza shi. A wanke duk hanyoyin mai na cikin bulok da kuranshaf, in motar na da kular sanyaya baƙin mai a wanke ta sosai ko a canza, mai turbo a duba bututun man turbo, dan garin ƙarfen da ya maƙale a waɗannan wuraren shi ne ke dawowa ya cinye sabon metal cikin sati biyu. Ka tambayi makanikin me ya kashe na farkon, famfon mai ne, rariya ce, jabun mai ne na bakin titi, ko gas ne ke zuba a ciki, in bai da amsa toh ba'a gama bincike ba. Ranar tashi a fara juya inji ba tare da ya kama ba har fitilar mai ta mutu, a juye man farko da wuri tare da filta, ka ɗaga mata ƙafa da lodi na ɗan lokaci, kuma a sake ɗaura gejin matsi ka gani da idonka bayan ta ɗau zafi kafin ka biya cikon kuɗin aiki.